Hannun Jarin Alhaji Badaru

Buba yana tsakiyar cinikin bijimi a kasuwar Sara dillali ya raɗa masa cewa Alhaji Badaru ya sayar da rabin hannun jarinsa na kamfanin madara. Igiyar bijimin ta suɓuce daga hannunsa.

Alhaji Badaru ne ya kafa kamfanin a Birnin Kudu, shi ne kuma shugabansa. Tare suka yi kiwo da Buba suna yara. Shi ya sa ran da ya zo neman masu zuba jari, Buba ya sayar da shanu ya shiga, ya kuma janyo makiyayan Gwaram da dama.

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo," in ji dillalin. "In ka ga ya naɗe tabarmarsa, me kake jira?"

Buba ya kira wayar Alhaji, a kashe. Washegari ma a kashe. Sai ya hau babur ya bi rugage yana faɗa wa duk wanda ya shigar cewa su tsira da abin da ya saura. Mako bai zagayo ba duk suka sayar da nasu, har da Buba, ga wani ɗan kasuwa daga Kano, a farashin da ya ga dama.

Bayan nan ne Buba ya tafi Birnin Kudu, zuciyarsa na tafasa, don ya ji dalilin cin amanar. A gidan aka ce masa ya nemi Alhaji a asibiti.

A baranda ya same shi zaune a ƙasa, ya rame har hularsa ta yi masa yawa.

"Hidaya ce," in ji Alhaji, yana nuna ɗakin da 'yarsa take kwance. "Ƙodojinta sun daina aiki. Tawa ta dace da ita, amma kuɗin dashen ya fi ƙarfina. Dole ta sa na sayar."

Buba ya durƙushe kusa da shi. "Innalillahi! Alhaji, me ya hana ka faɗa?"

"Ita ta roƙe ni kada kowa ya ji." Ya dafa gwiwar Buba. "Mutumin Kanon da na sayar wa ya daɗe yana son kwashe injinan ya kai garinsu, matanmu su rasa inda za su kai nono. Amma muddin kai da mutanenka kuna riƙe da naku, ba shi da rinjaye. Wallahi da kai na dogara na sa hannu."

Nan take Buba ya gane shi ne mutumin da suka sayar wa nasu.

Daga cikin ɗakin wata siririyar murya ta ce, "Muryar Baba Buba nake ji? Ya shigo mana."

Alhaji ya miƙe ya buɗe ƙofa, ya tsaya yana jiran sa. Buba yana nan durƙushe.