Yashin Dattijo

Tun da gari ya waye matar mai gyaran agogo take durƙushe a gaban akwatin kifin da ke falo, tana ƙwanƙwasa gilashin da farce. Dattijo, kifin mijinta, bai motsa ba. Yana kwance a kusurwa bayan injin kumfa, cikinsa ya yi ja, gashin bakin nan da ya jawo masa suna ya guntule saura ɗan tsiro. Abincin da ta zuba jiya yana nan maƙale a tsakanin tsakuwa, ya fara ruɓewa. Kuma yau ne za a sallamo mijinta daga asibiti.

Dattijo ɗan kifi ne dangin tarwaɗa, bai fi yatsa ba, ba shi da kyan da za a nuna wa baƙo. Amma mai gyaran agogo, mutumin da sai a yini ba a ji kalma goma daga bakinsa ba, in ya dawo daga shago nan yake jan kujera, ya yi ta kallon kifin yana tonon ƙasa da baki har shayinsa ya huce. Ita kuwa Allah ya hore mata baki. Shekara da shekaru in ya fara magana ita ke ƙarasa masa, yawanci kuma takan dace, shi ya sa ba ta taɓa ganin laifin abin ba.

Ranar da ya faɗi a shago, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Likita ya ja ta gefe ya ce magana tana iya dawowa, hankali ne sai an zuba ido. Ya kuma ja mata kunne cewa in ya koma gida kada a bari ransa ya ɓaci, jininsa ba zai ɗauka ba.

Zaman jira ya ishe ta, hannunta na ƙaiƙayi. Ta wanke labule, ta goge agogunan bango, har ta kai kan akwatin, inda yashin da ke ƙasansa ya yi mata kama da dattin kwata. A shagon masu kifin ado aka ce mata yashi ya fi laushi amma yakan tashi ya dagula ruwa, tsakuwa kuwa ga sauƙin wanki ga ta kala-kala. Mai shagon ya tambaye ta wane irin kifi ne, ta ce kifi dai, mai wutsiya. Ta zaɓi shuɗiya da fara, masu ƙyalli kamar fasasshen tangaran. Yashin ta juye shi a tsohon bokitin fenti ta tura bayan ƙofar kicin.

Da murnarta ta kai masa labari asibiti. Sai idonsa ya fito, ya damƙe mata hannun riga da hagunsa, da ƙyar ya fitar da, "Ya... shi."

Ta ɗauka lafiyar kifin yake tambaya. "Lafiyarsa ƙalau," ta ce. "Yana ma gaishe ka."

Washegari ma haka, jibi ma haka. Ko gaisuwa ba ya bari ta gama sai ya ce ya shi, ta ce lafiya lau, ya rufe ido, can ya sake. Takan fita baranda ta yi kukanta, don mutumin da za a ba amsa ya maimaita tambayar ai abin da likita ya ji tsoro ne ya tabbata. Ba ta gaya wa kowa ba, ko Auta, 'yarsu da ke kwana a wurinsa.

Yanzu ga shi amsar tata ta zama ƙarya. Ta rage ruwa ta ƙara sabo, Dattijo ya kife gefe ya sake miƙewa. Ta kira mai shagon kifin, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Har ta yi tunanin sayo wani mai kama da shi, sai ta tuna mutumin da ke gane ciwon agogo daga bugunsa ba da musayar kifi za a rufe masa ido ba. Tana cikin wannan ta ji ƙarar mota a ƙofa. Ta fizgi mayafin tebur ta lulluɓe akwatin.

Auta ta turo mahaifinta a keken marasa lafiya. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Matar ta tare su da surutu, an gyara gado, an ɗora ruwan wanka, a wuce ɗaki kawai ya huta. Shi kuwa ya sa hagunsa ya riƙe taya, keken ya tsaya cak.

"Mama, me kika rufe haka?" in ji Auta.

Kafin ta haɗa wata magana ya miƙa hannu ya janye mayafin.

Ya daɗe yana kallon kusurwar nan. Tana ganin jijiyar wuyansa tana harbawa, maganar likita tana yi mata yawo a kai.

"Ya... shi," ya ce.

Lafiya lau ba za ta fito ba, ga Dattijo a gabansu. A karo na farko tun aurensu ya yi magana ta rasa abin ɗorawa, ta yi shiru.

Da ya ji shirun, sai ya ɗago ya dube ta. Ya tsoma hannu cikin ruwan har gwiwar hannu, rigar ta jiƙe, ya ɗebo tsakuwa. Ya goga ta a bayan shanyayyen hannunsa har fatar ta yi fari ta tsattsafo da jini, sannan ya taɓa nasa gashin bakin, ya nuna kifin. Ya watsar da tsakuwar a ƙasa, ya tattara numfashi.

"Yashi."

Ashe tun ranar farko ba tambaya yake yi ba. Yana kwance yana gaya mata abin da ke yanka bakin kifinsa, ita tana isar masa da gaisuwa. Kunya ta kama ta, tare da wani farin ciki mai zafi, don hankalin da ta yi ta yi wa kuka a baranda yana nan garau.

Ta ruga kicin. Bokitin yana nan, tsumman goge ƙasa a kansa. Ta kinkimo shi tana haki, ta ɗaga za ta juye, ya ɗaga mata hannu.

"Wan..." ya ce, bakinsa na rawa. "Wan..."

Ta san kalmar, tana kan harshenta, yashin da ya kwana biyu ƙarƙashin tsumma ai sai an wanke. Auta ma ta buɗe baki, uwar ta riƙe mata hannu ta matse. A kusurwa Dattijo ya ɗan kaɗa wutsiya. Ta ajiye bokitin, ta durƙusa a gaban keken, ta cije leɓe tana jira.