Hausar da Misbahu Ya Koya a Gefen Gado

Misbahu Dabo yana ƙaramin yaro iyayensa suka baro Kano suka zauna a garin Springfield na Amurka. A garejin gidansu ya koyi kaɗa jita, tare da abokinsa Choji, ɗan wani malamin jami'a mutumin Jos, wanda yake buga masa ganguna. Kafin ya cika shekara talatin waƙoƙinsa na salon kiɗan rock sun cika gidajen rediyon Amurka. Shi yake rubuta abinsa, ya rera da muryarsa mai kaushi, duka da Turanci. Hausa kuwa yana jin ta sarai, amma tun yana firamare da Turanci yake mayar da amsa.

Yana cikin rangadin wasa a Turai ƙanwarsa Zahra ta kira shi tana kuka. Mahaifiyarsu, Hajiya Saudatu, ta samu shanyewar ɓarin jiki.

Allah ya yi da sauran kwananta, sai dai ciwon ya tafi da Turancinta kaf. Matar da ta yi shekaru tana aiki a kantin magani, ko kalma ɗaya ba ta ganewa.

Da Misbahu ya iso, ya zauna a gefen gadonta ya ce, "Sannu, Umma. Ya jiki?"

Ta riƙe hannunsa tana ta magana, harshenta na nauyi. Ya fahimci komai. Da ya buɗe baki zai lallashe ta, Turanci ne ya fito. Ta zuba masa ido, sannan ta juya wajen Zahra.

"Me yake cewa ne?"

Ranar ya soke sauran wasanninsa. Choji ya biyo shi har gida ransa a ɓace.

"Mutumina, ga Zahra, ga masu jinya. Zamanka me zai ƙara?"

"Uwata ba ta jin abin da nake faɗa," in ji Misbahu. "Wa zan je in yi wa waƙa?"

Ya koma ɗakinsa na yarinta. Kullum da hantsi yakan tura ta a keken marasa lafiya zuwa baranda, ya yi ta haɗa kalmomi tana gyara masa. Wani lokaci ta yi dariya har ta ƙware, wani lokaci ta gaji ta kau da kai. Shi ma akwai ranar da ya fita ya zauna a mota saboda takaici.

Da bazara ya ɗauko jita marar lantarki, ya rera mata baitin farko da ya taɓa rubutawa da Hausa. Ta saurara ta ce, "Kukan ido kake nufi, ko kukar miya? Yadda ka faɗa ɗin nan, ta miya ce."

Ya sake, ya sake, har ta gyaɗa kai.

Da waƙoƙin Hausar suka taru, kamfanin da ke fitar da waƙoƙinsa ya ce ba ya son su. Misbahu ya fitar da su da kansa, Choji kuma ya huce ya zo ya buga masa. Kundin waƙoƙin bai yi kasuwa ba, wasu tsofaffin masoyansa ma suka ce ya ɓata. A wani ƙaramin zaure a garin Hyattsville ya fara rera su a gaban jama'a. Yawancin waɗanda suka zo matasa ne irinsa, 'ya'yan Kano da Kumasi da Yamai. Ya ji suna amsa masa amshi da gurguwar Hausa, babu mai jin kunyar wani.

Hajiya Saudatu ba ta iya zuwa ba. Washegari ya kunna mata a waya, ta saurara har ƙarshe idonta a rufe.

"Har yanzu kana jan magana inda ba a ja," in ji ta. "Amma na ji ka. Miƙo mini ruwa."