Garin da Ba a Tsayawa

Duk wanda ya ƙera gem bai sa masa madannin tsayarwa ba, azzalumi ne. Na faɗa a shago, na faɗa a majalisa, kuma daren jiya na yi mafarkin an gurfanar da ɗaya daga cikinsu.

Ni ba yaro ba ne. Da kaina na koyi buga gem, yadda na koyi gyaran rediyo. Abin da nake nema a wasa bai da yawa. Ya yi wuya amma kada ya yi ha'inci, ya fito ranar da aka ce zai fito, in an kira salla kuma ya bar ni in tashi. Wanda nake bugawa yanzu, Gadar Ƙarfe, in ka ajiye shi ka je masallaci, kafin ka dawo an kashe ka an mai da kai farko.

A mafarkin na gan ni a ƙofar wani gari da alwalata, ban yi la'asar ba. Wata da'ira tana ta juyawa a jikin ƙofar, an rubuta a jira. Na jira. Haka masu ƙera gem suke, su tsayar da kai suna iyawa, kai ne ba ka isa ka tsayar da su ba.

Ƙofa na buɗewa ƙafafuna suka kama tafiya. Na ce su tsaya, suka ƙi. Kowa a garin tafiya yake. Ruwan sama yana tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama, mutane sun riƙe lema a ƙarƙashin haɓa. Wani wanzami yana bin wanda yake yi wa aski a baya yana sassarfa, aska a hannu.

Na ce wa wanzamin, "Malam, ina masallaci?"

Ya ce, "Ga shi can, Baba. Ana shiga ta gabas a fita ta yamma. Tun da Injiniya Labbo ya cire wa garin madannin tsayarwa ba a ƙara yin sahu ba."

"Wane Labbo?"

"Wanda ya ƙera Gadar Ƙarfe mana."

Na ɗaga kai in duba rana. Babu rana, sai wani dogon layi ja irin wanda ke nuna ran ɗan wasa a gem, yana raguwa. Wanzamin ya ce in ya ƙare magariba ta yi. Na ce to ni ba zan rasa la'asar saboda wani Labbo ba.

Sai ga ni a ofishin karɓar ƙara. Teburin yana da taya, wani bunsuru mai tabarau yana tura shi yana buga hatimi. Na jera da shi na faɗi ƙarata.

Ya kalle ni ta saman tabarau. "Da gemunka kake buga gem?"

Na ce, "Kai ma da naka gemun kake riƙe da ofis."

Ya ɗan yi tuƙa irin ta awaki. Can ya ce, "Ka yi haƙuri. An ce za a gyara a kashi na biyu na gem ɗin."

"Yaushe zai fito?"

"Bayan salla."

"Wace sallar?"

"Ba a faɗa ba. Ubana ma a wannan tebur ya rasu yana jira."

Na ce ni kotu nake so, yanzu. Ya buga mini hatimi a goshi.

Kotun a bayan tifa take, tifar tana gudu. Alƙaliya tsohuwar akuya ce, an ɗaure kujerarta da igiya. Mu masu shari'a muna zagaya cikin tifar kamar masu sussuka. Nan na fara ganin Injiniya Labbo, siriri, da doguwar hula da murmushin wanda bai taɓa jin a'a ba.

Alƙaliya ta ce, "Labbo, me ya sa ka cire madannin?"

Ya ce, "Ranki ya daɗe, in mutum ya tsaya zai tuna yana da gida. Ya tuna matarsa ta aike shi cefane. Daga nan ba lallai ya dawo mana ba."

"Mai ƙara fa?"

Na dubi sama. Jan layin saura kamar taƙi ɗaya. Ban yi gaggawa ba, don mai gaskiya ba ya rawar baki.

Na ce, "Ranki ya daɗe, kakanninmu sun yi dara a gindin bishiya. Ana tsakiyar wasa ladan zai kira, su kakkaɓe riga su tashi. Ramukan suna nan, tsinkayen suna nan, ko kaza ba ta taɓawa. Su idar su dawo, mai ci ya ci gaba da cinsa. Ba wanda ya ɗaure su, amma kullum sai sun dawo. Wasa mai kyau ba ya tsoron a juya masa baya. Wanda ya san nasa ba daɗi shi ne yake kulle ƙofa."

Labbo ya ce, "Baba, zamani ya wuce dara."

Na ce, "Bai wuce la'asar ba, ɗan nan."

Alƙaliya ta ce a kawo madannin. Labbo ya rantse ya ɓata. Ta miƙa wuya ta cinye hularsa a nitse, tun daga tsini har gindi. Ga madannin a tsakar kansa, ɗan ƙarami kamar wake. Ta ce mai ƙara ya danna.

Na danna da babban yatsa, kuma ban tausaya ba.

Tifa ta tsaya. Ɗigon ruwa ya tsaya a iska daidai gwiwa. Garin ya yi tsit, har na ji wani a nesa yana cewa, "Ashe ƙafata ciwo take." Na sauko, na tambayi gabas, na yi sallata raka'a huɗu cikin natsuwa. Da na waiga bayan sallama, sahu ya kai bakin kasuwa.

Alƙaliya ta jira muka shafa addu'a, sannan ta karanta hukunci.

"Labbo, za a ba ka zoɓo tulu guda ka shanye. Za a zaunar da kai gaban Gadar Ƙarfe, banɗaki yana kallonka. Ka buga har ƙarshe. In ka tashi, a sake cika tulun a mai da kai farko."

Ana miƙa masa moɗa na farka. Maƙwabcina ne yake ta faman tada babur ɗinsa a bakin tagata, babur ya ƙi tashi.