Wanda Ya Fi Iya Magana

Idan mutum ya ɓatar da jama'a ba da gangan ba, yaushe laifin yake hawa kansa: ranar da ya yi kuskuren, ko ranar da ya gane ya ja bakinsa ya yi shiru? Na yi ta juya wannan tambaya a kan keken ɗinki har na karya allura, ban samo amsa ba.

Ni tela ne a unguwar Briqueterie. Ban taɓa zama a aji ba, Faransancina a tsofaffin jaridu na tsinto shi. Shi ya sa da hukumar gari ta aiko da takarda cikin Faransanci tana neman unguwa ta faɗi ra'ayinta kan kamfanin injiniyoyin da zai tsara mana sabuwar magudanar ruwa, dattawa suka ce, "Baballe zai karanta mana." Kwatarmu kuwa duk damina sai ta cika ta afka gidaje, kuma da gidan Inna Hansai na gangare take farawa.

Takardar ta ce a zaɓi "le mieux-disant". Na raba kalmar biyu: mieux, mafi kyau, disant, mai faɗa. Na gyara zaman hula na ce, "Wanda ya fi iya magana."

Alhaji Mansur, shugaban kwamitinmu, ya ce, "Ikon Allah! To ai da sauƙi."

Kamfani biyu suka zo. Wakilin na farko ya sha kwat da turare, ya yi awa guda yana zuba, ko leƙa kwatar bai yi ba. Ta biyun wata injiniya ce, Najiba, mai in'ina, takalmanta duk laka don tun safe take awon gangaren layinmu. Ta ce bututun da ake shirin sawa ya yi ƙanƙanta, amma kafin ta kai ƙarshe wasu sun fara hamma. Aka ɗaga hannu, mai kwat ya cinye.

Washegari Rilwanu, ƙanen matata mai gyaran famfo, ya ga takardar a shagona. Da na gaya masa yadda aka yi, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Yaya, wa ya ce maka gasar baki ce? Wanda tsarin aikinsa ya fi inganci suke nufi. In baki ake so ai da maroƙi muka ɗauko."

"Rufe min baki."

"Litinin Alhaji zai kai amsar. Je ka gaya masa."

"Ba inda za ni. Shekara ashirin ina karanta wa mutanen nan wasiƙu. In je in ce me?"

"Ka ce ka yi tuntuɓe. Zan raka ka in riƙe maka hula."

Na kore shi. Na ce wa kaina ra'ayi kawai muka bayar, masu ilimi a can za su gyara. Na ce wataƙila mai bakin ma ya iya aiki. Kwana biyu ina ɗinka wa kaina irin waɗannan hujjoji, ba wadda ta zauna a jikina.

Ranar Lahadi aka yi ruwa da hantsi. Da ya ɗauke na bi ta gangare zan kai ɗinki, na tarar da Inna Hansai tana kwarfe baƙin ruwa daga ɗakinta da kwano, katifarta a kan katanga. Ta ɗago, fuskarta ta washe.

"Malam Baballe! Allah ya yi maka albarka. An ce ka zaɓo mana gwani. Daga bana na huta, ko?"

Na ce, "In Allah ya so, Inna." Ban iya kallon idonta ba. Ta bi ni da addu'a har na sha kwana.

Da aka idar da la'asar, Alhaji Mansur yana neman takalmansa a ƙofar masallaci, jama'a suna fitowa. Na tsaya a gabansa.

"Alhaji, kada a kai takardar nan gobe. Kalmar da na fassara muku, ban san ta ba."

Ya kara hannu a kunne. "Me ka ce, Baballe? Ɗaga murya, kunnen nan ya tsufa."

Mutane suka tsaya da takalma a hannu. Na ɗaga murya na maimaita.