Fito a Kunnen Kolyo

"Matso kaɗan mana, Kawu Kolyo, rabin kanka kawai likita take gani!" in ji Gergana, ma'aikaciyar jinyar ƙauyen, tana ɗaga murya kamar mai kiran wani a ƙetaren rafi.

Kolyo bai ji ba, leɓenta ya karanta. Ya jawo kujera ya fuskanci kwamfutar. Shekara talatin da ya yi a injin yankan katako ta cinye masa kunnuwa, har ta kai ko ƙararrawar coci sai dai matarsa Nedka ta taɓa masa kafaɗa ya san an kaɗa. Makon jiya ne na'urorin ji suka iso ta gidan waya, guda biyu, kowace ba ta fi ƙwayar wake ba. Yau kuma Dakta Mirela za ta daidaita su daga ofishinta a birnin Plovdiv, tafiyar awa huɗu a bas, ba tare da ta taɓa kunnensa ba.

Nedka tana zaune a bayansa, jakarta a kan cinya. Gergana ta saƙala masa na'urorin. A allon kwamfutar, likitar ta ɗaga yatsa ta danna wani abu.

Agogon bango ya fara ji. Sai kukan kujerar da yake kai. Can daga gangaren dutse, ƙararrawar wuyan awakin wani. Ya riƙe gefen tebur da hannu biyu.

"Kana ji na, Kawu?" in ji likitar.

"Ina ji, 'yata. Ashe haka muryarki take? Na ɗauka ta fi haka kauri."

"To ka ji," in ji Nedka. "Daga buɗe masa kunne ya fara tsokanar 'yan mata."

Ya juya ya dube ta. Rabon da ya ji muryarta ba cikin ihu ba, har ya manta. Ta ɗan dushe, amma ita ce. Ya yi sauri ya mai da fuskarsa ga allon, don kada Gergana ta ga idonsa.

Likitar ta yi ta kunna masa sautuka, yana ɗaga hannu in ya ji. Can ya yamutsa fuska.

"Akwai matsala. Abin nan yana fito."

"Wane kunne?"

"Duka biyun. Siriri ne, fiii, sai ya tsaya, sai ya dawo."

Dakta Mirela ta rage wani abu. Fiton yana nan. Ta sa Gergana ta cire na'urorin ta sake tura su da kyau, ta kashe abin ɗumama ɗaki, ta rufe taga. Duk da haka yana nan.

"A wajena lafiyarsu ƙalau," in ji likitar, tana duba wani allon a gefe. "Ban ga inda suke zubar da sauti ba."

"Ni dai ba kunu ne a kaina ba. Ina jin sa."

Nedka ta miƙe. "Bari in sha iska, ku gama da rigimammen tsohon nan."

Tana rufe ƙofa, fiton ya ɗauke.

"Yauwa, kin gyara," in ji Kolyo.

"Ban taɓa komai ba, Kawu."

Ya dubi Gergana. Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana jera auduga a kwalba, audugar da take a jere tun da suka shigo. Kolyo ya tashi ya buɗe ƙofar. Nedka tana jingine da bango, hannunta ɗaya a ƙirji. Fiii. Shiru. Fiii. Da kowane numfashin da ta ja.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Sanyi ne kawai."

"Gergana, tun yaushe?"

"Tun bazara," in ji Gergana a hankali. Ta saba magana a gabansa ba ya ji, sai yanzu ta lura ya ji. "Na rubuta mata takardar ganin likitan ƙirji sau biyu. Ta ce in na gaya maka, ba ni ba ita."

Nedka ta dawo ta zauna, ta ɗaure fuska. "In sun kwantar da ni fa? Wa zai amsa maka waya? Wa zai ji in mota na tahowa bayanka? Kullum sai na janye ka daga tsakiyar hanya kamar bunsuru."

Babu wanda ya yi dariya. Daga allon, likitar ta yi gyaran murya.

"Inna, ƙirji ba fannina ba ne, amma yanzu da kika matso ni ma ina jin sa. Kada ya wuce makon nan. Zan yi wa abokin aikina magana yau."

"Ke dai rage masa abin nan, 'yata," in ji Nedka. "Ya fara jin abin da ba a gayyace shi ba."

"Kada ki taɓa," in ji Kolyo. "Bar shi yadda yake." Ya juya ga Gergana. "Bas ɗin Alhamis ƙarfe nawa?"

"Bakwai. Zan roƙi maƙwabta su tatsar muku awakinku."

Suka fito da hantsi. Hanyar gidansu hawa ce, Kolyo ya wuce gaba da sandarsa kamar yadda ya saba. Tsakuwa tana ƙara a ƙarƙashin takalminsa, wani kare yana haushi a bayan dangar wani. Daidai famfon unguwa ya ji takun da ke bayansa ya tsaya. Bai san sau nawa ta tsaya a nan ba yana ta tafiyarsa.

Ya dawo ya karɓi jakar daga hannunta.

"Wuce mana," ta ce, tana haki. "Miya na kan wuta."

"Ta ƙone," ya ce, ya zauna a bakin famfon, ya matsa mata wuri.