Hannun Mahfuza a Sama

Tun da aka koma makaranta, Turai ta daina jin daɗin abincin rana a gidanta, kuma ba girkin ne ya lalace ba. 'Yarta ce, Mahfuza, mai shekara goma sha biyu. Da zarar motar makaranta ta sauke ta a ƙofar benensu na unguwar Al Nahda a Dubai, ta hau sama ta yar da jaka, sai ta buɗe baki da "Mis Maimunat ta ce". Mis Maimunat ta ce lambobi suna sauka ƙasa da sifili kamar yadda lif yake sauka hawan ƙarƙashin ƙasa, B1 da B2. Mis Maimunat ta ce wanda ya yi kuskure ya taimaki aji. Haka za a yi ta jero su har miya ta huce.

Abin da ya sa maganar take ci wa Turai rai shi ne ita ma malamar lissafi ce. Ta fi shekara goma tana koyar da 'yan ƙaramar sakandare a Kano, aji cike maƙil, fanka ba ta juyawa, amma in ta ɗaga alli ko tari ba ka ji. Da maigidanta Gidaɗo ya samu aiki a wani ofishin kago, masu jigilar kaya, a Al Khabaisi suka tattaro suka dawo Dubai, ta shiga neman aikin koyarwa. Takardunta suka yi ta yawo daga wannan ofis zuwa wancan ana neman hatimi, har ta gaji ta zuba su a akwati. Ita kuwa Maimunat, 'yar Zariya ce da ba ta wuce ƙanwar bayan Turai ba, ga ta da aji a wata makarantar 'yan mata a Al Qusais, kuma duk yaran garin nan aka rasa wadda za a ba ta sai Mahfuza. Da Ba'indiya ce ko Balarabiya, da Turai ta kau da kai. Amma Bahaushiya 'yar'uwarta, wannan kam kishi ne tsagwaronsa, ita ma ta san sunansa.

Wata rana da yamma ta tarar da yarinyar a teburin falo tana fama da aikin gida, ana raba uku bisa huɗu da ɗaya bisa takwas. Turai ta ja kujera.

"Kawo in nuna miki. Ki juya ta biyun ki ninka, khalas, shi ke nan."

"Umma, ba haka muke yi ba. Sai mun zana tukuna."

"Zane kuma? Lissafi kuke yi ko ɗinkin hula?"

"Ki bari kawai, gobe na tambayi Mis." Ta ja littafinta gefe, a hankali, don kada ta ɓata wa uwar rai. Wannan a hankalin ne ya fi komai zafi.

Gidaɗo yana kan kujera yana shan shayi, ya ƙyalƙyale da dariya. "Malama, an yi miki juyin mulki ke nan." Kallo ɗaya ta yi masa ya koma kan shayinsa.

Ba a jima ba makaranta ta ware mako na iyaye, inda duk mai sana'a zai zo ya karɓi darasi ɗaya. Maimunat da kanta ta bugo waya. "Anti Turai, ina wuni? Mahfuza ta ce ke babbar malamar lissafi ce a gida. Don Allah ki zo ki karɓi ajina, ai mu ɗalibanku ne." Turai ta yi ta lalube a cikin muryar ko za ta samu raini ko ɗigo, ba ta samu ba, hakan ya ƙara ba ta haushi. Ta ce to, za ta zo, inshallah. Ta ajiye waya tana cewa a ranta yarinya za ta ga yadda ake riƙe aji.

Ranar ta sha atamfa da mayafi mai nauyi kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ajin sanyi ƙalau, yara ba su kai talatin ba, 'yan Indiya, 'yan Pakistan, 'yan Masar, 'yan Sudan, ga Mahfuza a layi na biyu tana murmushi har kunne. Aka nuna wa Turai babban allon nan mai haske da ake taɓawa da yatsa, ta ce a'a, a ba ta farin allo da maka, alƙalamin rubutu a kansa. Maimunat ta koma bayan aji ta zauna a kujerar yara.

Gaskiya dai gaskiya ce, Turai ta iya aikinta. Da Turancinta na malaman Kano ta rubuta uku bisa huɗu a raba da ɗaya bisa takwas, ta juya ta biyun ta koma takwas bisa ɗaya, ta ninka, ashirin da huɗu bisa huɗu, amsa shida. Sannan ta sa musu dokar a waƙa, a juya, a ninka, ana dukan tebur sau biyu. Yaran da ba su taɓa ganin irin wannan ba suka ɗauka da murna, aji ya kaure. Duk wadda ta ci tambaya sai a yi mata tafi irin na gida. Turai ta saci kallon bayan aji ta ga Maimunat ita ma tana dukan tebur, ta ji wani sanyi ya ratsa ta.

Sai dai duk tambayar da ta jefa, hannun Mahfuza ne yake riga na kowa tashi. Turai ta gan shi sarai. Amma Mahfuza 'yar fari ce, kuma a gidan su Turai mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, balle ta yabe shi a gaban mutane. Haka uwarta ta yi mata, haka kakarta ta yi wa uwarta, kuma babu wanda ya taɓa cewa rashin so ne. Ko a falonta na Al Nahda "ke" ce da "yarinyar nan". To yau a gaban baƙi, a gaban Maimunat da ta san al'ada, ta tsaya ta nuna 'yar cikinta, ta sa a tafa mata? Ai sai a ce Turai ba ta da kunya. Ta kira mai gilashi, ta kira ta bakin taga, ta kira wadda ma ba ta ɗaga hannu ba. Hannun Mahfuza ya yi ta tashi yana kaɗawa, daga baya ya rage tsawo, daga baya ya kwanta a kan tebur.

Ana cikin haka wata 'yar Masar mai kumatu ta ce, "Malama, me ya sa ake juyawa?"

"Saboda haka dokar take."

"Amma me ya sa?"

A duk shekarun da Turai ta yi a gaban allo babu yaron da ya taɓa yi mata wannan tambaya, don a can wanda ya ce "me ya sa" sau biyu ya san sauran. Ta juya ta fara jera haruffa, a bisa b, c bisa d, tana ƙoƙarin tuno hujjar da aka koya musu a kwalejin horar da malamai. Layi na uku ya ƙi haɗuwa da na biyu. Ta goge, ta sake. Ajin ya yi tsit, amma ba irin tsit ɗin da ta saba ba, kuma duk da sanyin ɗakin gumi ya tsattsafo mata a ƙarƙashin mayafi.

Daga baya aka ji muryar Maimunat, a tausashe. "Mahfuza, habibti, 'yar lelena, yalla, maza zo ki nuna mana yadda kika zana jiya."

Yarinyar ta miƙe, ta zo ta karɓi maka daga hannun uwarta ba tare da ta ɗago ido ba. Ta zana gurasa zagayayya, ta yanka ta gida takwas, ta shafe kwata ɗaya. Ta ce tambayar ita ce, yanka nawa irin wannan ke cikin abin da ya rage? Aji ya ƙirga tare da ita har shida. Ta ce kowace cikakkiyar gurasa yanka takwas ce, shi ya sa rabawa da ɗaya bisa takwas daidai take da ninkawa da takwas. 'Yar Masar ta ce "Aaa!" Aka ɓarke da tafi, irin tafin da Turai ta koya musu ɗazun nan. Mahfuza ta juya tana haki don murna, idonta ya tsallake uwarta da ke tsaye dab da ita, ya sauka a bayan aji.

Da aka buga ƙararrawa Maimunat ta zo ta riƙe hannun Turai da hannu biyu. "Wallahi Anti, waƙar nan na ɗauke ta, ba za su taɓa mantawa ba. Kuma Allah Ya raya miki Mahfuza, yarinyar nan kanta yana ja."

"Amin," in ji Turai, "ai sai a hankali, wasa ya yi mata yawa." Amsar da ta dace ke nan, kuma ta fita da kanta. Mahfuza tana tsaye tana ji.

A baranda yarinyar ta ce, "Umma, ki tafi kawai. Yau akwai kulob ɗin lissafi, motar yamma za ta kawo ni." Ba ta jira amsa ba. Ta ruga ta cim ma Maimunat, ta karɓe mata jakar littattafai, suka jera suna tafiya, yarinyar tana ta zuba tana nuni da hannu.

Turai ta tsaya a tsakiyar baranda, yara suna gifta ta hagu da dama. Tana so ta ce zanen ya yi kyau. Tana so ta ce ta ga hannun tun tashinsa na farko. Ta buɗe baki da niyyar kiran sunan, ko da sau ɗaya ne, ko ma wa zai ji, ya zo har bakin harshe ya tsaya.

"Ke!" ta ce da ƙarfi.

Wasu 'yan mata da ba ta sani ba suka waiwayo suna kallonta. Mahfuza kuwa ta sha kwana da jakar Mis a kafaɗa.