Sai Kunnen Ya Warke

Ranar da Inna Masaƙa ta huda kunnenta, daga ranar Jan Biro bai ƙara shan shayinsa da zafi ba.

Ya ajiye kofin ke nan, ya buɗe littafi inda ya tsaya jiya, sai ya ji ana dukan ƙofarsa da sanda. Mutum ɗaya ne a duk gidan hayar nan mai hawa uku yake ƙwanƙwasa ƙofa kamar ya zo kamun ɓarawo. Ya buɗe, ya tarar da tsohuwar da ke zaune a ɗakin da ke saman nasa, ta dafa bango tana mayar da numfashi.

"Malam, kai da ka karance littattafan duniya, duba min nan."

Ta janye ɗankwalinta. Fatar kunnuwanta biyu ta yi jawur, a tsakiyar kowanne ga wani ɗan ƙarfe kamar kan allura yana ƙyalli.

"Wa ya yi miki wannan aika-aikar?"

"Ni na kai kaina. Yarinyar nan mai shago kusa da kantin magani. Tas, tas, an gama."

"Shekarunki nawa?"

"Kai ka haife ni?"

Jan Biro ya yi rayuwarsa yana gyaran kurakurai a kamfanin ɗab'i, da jan biro a aljihun gaba, har sunan ya bi shi gida ya cinye na yanka. Tun da matarsa ta rasu ya rage hulɗa da jama'a. A ganinsa mutane rubutu ne da aka buga ba a gyara ba, kuma shi ya yi ritaya. Ita kuwa Inna a masaƙa ta ƙare ƙuruciyarta, ƙarar injuna ta bar mata murya mai ratsa bango.

Buƙatarta mai sauƙi ce, so take ya riƙa wanke mata kunnen. Mai hujin ta ce a riƙa wanke wurin da ruwan gishiri safe da yamma, kada a murɗa ƙarfen, kada a kwanta a kansa, kada kuma a cire shi sai bayan mako shida. To hannun Inna yana rawa, idonta ba ya ganin kusa, 'yarta ɗaya tilo tana aiki a wani gari mai nisa.

"Ni namiji ne, in kin manta," in ji shi.

"Na manta. Kai ma ka manta. A shekarunmu, Malam, shaiɗan ma ya karɓi fansho."

Ba tausayi ne ya sa ya amsa ba, ya daɗe da sallamar tausayi. Tambaya ce ta maƙale masa. Me zai sa tsohuwar da ke hutawa sau biyu kafin ta gama hawa matakala ta je ta ba yarinya kunnenta ta ɓula?

Da yake shi ba ya yin abu rabi, a yammacin ranar ya sauko da wani tsohon littafin kiwon lafiya daga saman kanta, ya kakkaɓe shi, ya karanta duk abin da aka ce a kan rauni. Washegari ya hau sama da kayan aiki a faranti: ruwan da ya tafasa ya bari ya huce, gishiri ƙaramin cokali a shafe, auduga, safar hannu, da tocila. Ta zauna a kujerar da ke bakin taga, ta riƙe madubi mai tsagaggen gefe. Ya jiƙa audugar, ya ɗora a gaban kunnen, ya jira ɓawon da ya bushe ya yi laushi, sannan ya share a hankali, gaba da baya, ya tsane da busasshiya.

"Wayyo! Kana wanke kunne ne ko kana kankare tukunya?"

"Ki daina motsi. Kuma kin taɓa shi da hannu."

"Ban taɓa ba."

"Ga shi nan ya yi ja. Ƙarya ma sai da ilimi."

"Ƙaiƙayi yake yi! Kai in ƙaiƙayi ya kama ka littafi kake buɗewa?"

Haka suka ci gaba, safe da yamma. Ya hana ta kwanciya a gefe, ya naɗe mata tawul kamar gammo don kunnen ya zauna a ramin. Ya sa ta canja rigar matashi. Ya hana ɗankwali mai zare-zare. In ya sauko, shayinsa ya yi sanyi da fata a kai, ya sha haka nan yana tsaki.

Duk wannan lokaci yana bincikensa. Da farko ya zaci rikicin tsufa ne, ya tambaye ta yau wace rana. Ta faɗa masa, ta ƙara da cewa ranar kwashe shara ce kuma bai fitar da tasa ba. Sai ya zaci ko wani dattijo ne ya ɓullo, ya riƙa leƙen masu hawa matakala, bai ga kowa ba sai mai gyaran famfo. Abin da ya lura da shi dai, ɗakin nata yana raguwa. Yau babu keken ɗinki, gobe babu manyan tukwane, jibi labule ya tafi.

"Tashi za ki yi?"

"Kusan haka."

Ta miƙa hannu ƙarƙashin matashi ta jawo wani gwangwanin allura da ya yi tsatsa. A ciki, naɗe cikin ƙyalle, ga 'yan kunne masu reto, kowanne da koren dutse kamar ɗigon ruwa.

"Ina budurwa na saye su. Sau ɗaya na sa. A satin ne ɗan kunnen wata abokiyar aikina ya maƙale a inji, ya tsage mata kunne har ƙasa. Aka hana kowa sawa. Na ce to sai ranar hutu. Ranar hutu ta zo da wanki. Sai aure, sai goyo, sai jinyar mai gidan, sai takaba. Ran da na tuna da su na taɓa kunnena, na ji ƙofa ta toshe."

"Shi ne sai yanzu?"

"Likita ya ce abin da ke cikina ya wuce aikin wuƙa." Ta faɗe shi kamar tana faɗin an ɗauke ruwa. "Na zauna rabon kaya. Komai ya fita daga hannuna salin alin, waɗannan suka ƙi. Na ce to bari in sake sa abina ko sau ɗaya, in ji suna kaɗawa in na juya kai. Shi ke nan fa, babu wani sirri. Na ga kana ta leƙen matakala."

Ta ɗaga su da hannunta mai rawa, ta kara a gefen kunnuwanta, ta karkata kai. Hasken taga ya shiga duwatsun, wani ɗan kore ya faɗo a kumatunta yana rawa. Na ɗan lokaci ya ga yarinyar da ta shiga shago ta nuna su da yatsa.

"Ya ka gani?"

Jan Biro ya gyara tabarau. Ya san kalmomi fiye da duk mutanen gidan nan in an haɗa su.

"Na hagun ya kumbura," ya ce. "Matso."

Na hagun kuwa ya ƙi ya yi abin da littafi ya ce. Na dama ya bushe ya lafa, shi kuwa kullum da ɗan ruwa, wani lokaci har da mugunya. Ya gane dalili, jikin da ke yaƙi a ciki ba ya da sojan da zai tura bakin iyaka. Ya ƙara yawan wankin, ya sayo maganin shafawa, ya riƙa haska tocila yana duba ko jan ya fara yaɗuwa.

Wata safiya ya tarar da gwangwanin a buɗe a cinyarta.

"Yau za ka sa min su."

"A'a."

"Na daman ma kawai."

"Suna da nauyi. Za su ja ramin, ya tsage, ƙwayar cuta ta shiga. Kuma sun kwana cikin tsatsa tun kafin a haifi mai hujin. An ce mako shida."

"Wa ya ce? Yarinyar da na yi jika da ita?"

"Ita ta ce, littafi ya ce, ni ma na ce. Sannu ba ta hana zuwa."

"Wani sannun yana hanawa, Malam. Ni na san jikina."

Ya ajiye audugar. Ya ce matarsa ma ta san jikinta. Ɗan ƙaramin ciwo ne a yatsan ƙafa, takalmi ya goge ta, ta ce ba komai, shi ma yana karatu ya ce ba komai. Yatsan ya tafi, ƙafar ta bi shi, ita ma ta bi ƙafar. Bai taɓa faɗa wa kowa a gidan nan ba, kuma ya faɗe shi a bushe, yana kallon kofin gishiri.

"Ba zan sake cewa ba komai a kan rauni ba," ya ce. "Ki nemi wani ya sa miki."

Inna ta dubi 'yan kunnen da ke cinyarta. Da za ta iya da kanta da tuni ta yi, amma yatsunta ba sa iya kama ɗan maƙallin baya. Tana iya kiran maƙwabciyarsu, matar mai gyaran famfo, ko ta koma wurin mai hujin. Ba ta yi ba. Ta mayar da murfin gwangwanin.

"To, likitan kunne. Za mu jira. Amma ran da ya warke, kai za ka sa min da hannunka, kuma sai ka faɗi abin da ka gani, ba kumburi ba."

"In an ga abin faɗi."

"Allah ya shirye ka. Wanke."

Daga nan na hagun ya fara jin magana, kamar ya ji an yi sulhu. Ruwan ya tsaya, jan ya koma ruwan hoda. Jan Biro ya karɓi 'yan kunnen ya wanke su, ya bi da tsohon buroshin haƙori, ya goge har suka dawo hayyacinsu, ya mayar mata. Ya ce saura kaɗan. Har ya fara tsara jimlar da zai faɗa, yana gyarawa yana sokewa a ransa, don duk wadda ya ƙera sai ya ga ta yi yawa ko ta yi kaɗan.

Wata yamma yana tsaye da faranti a ƙofarta, ya buga ba a amsa ba. Matar mai gyaran famfo ta leƙo ta ce ai an tafi da ita asibiti tun da rana, ta faɗi a banɗaki, an kira 'yarta.

Ya je washegari, da audugarsa da kwalbar ruwan gishiri a jaka. Tana barci, ta ƙanƙance a cikin farin zanen gado, roba a hancinta. Ya sunkuya ya duba. Babu ƙarfen a kunne ko ɗaya.

"Ina abin kunnenta?" ya tambayi ma'aikaciyar jinya.

"An cire, Baba. Na'urar ɗaukar hoton ba ta shiri da ƙarfe."

"Aka mayar?"

"Baba, ta kunne ake yi a nan?"

Ya tsaya da jakarsa a hannu. Ya karanta cewa sabon huji ba ya jiran kowa, in aka bar shi wofi sai ya rufe bakinsa. Ya haska tocila duk da haka. Ramukan sun rufe, ɗigo biyu ne suka rage, masu tsabta, babu ja, babu kumburi. Sun warke sarai. Aikinsa ya yi kyau.

Ba ta farka yana wurin ba. Ta rasu kafin ƙarshen makon.

Bayan an watse daga zaman makoki, 'yar ta zauna kwashe ɗan abin da ya rage. Yana jin jan kujera a saman kansa, yana karanta layi ɗaya yana maimaitawa. Da ta gama ta ƙwanƙwasa ƙofarsa, a hankali, da yatsa.

"Baba, kai ne mai wanke mata kunne?"

"Ni ne."

"Ta farka sau ɗaya, ta yi ta maganarka. Ta ce kai mugun likita ne amma hannunka ba ya rawa." Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ta miƙo gwangwanin. "Ta ce in ba ka wannan. Wai ka ajiye mata sai kunnen ya warke. Ban gane ba, ko zafin ciwo ne?"

"Ba zafin ciwo ba ne," ya ce. "Hankalinta ƙalau."

Da safe ya tashi ya ɗora ruwa. Sai da ya zuba gishirin, ƙaramin cokali a shafe, sannan ya ga abin da hannunsa ya yi. Bai zubar ba. Ya ajiye kofin a bakin taga kusa da na shayi, ya buɗe gwangwanin, ya ɗaga ɗaya daga cikin 'yan kunnen a ƙugiyarsa. Ya ɗan kaɗa shi. Koren hasken ya faɗa a kan shafin littafin da ke buɗe, yana kai da komo.

Jimlar da ya yi ta gyarawa ta zo masa a lokacin, babu abin sokewa a cikinta, kalma huɗu kacal. Sun yi miki kyau.

Kofuna biyun suna ta hucewa a bakin tagar.